Maganin Inna da Bayan Auta

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Yaya aiki, yaya fama da keken ɗinki, yaya kuma wuyan nan naki da kika ce yana riƙewa in kin daɗe a sunkuye? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa albarka a sana'a, ya jiƙan Inna da Baba, ya haskaka makwancinsu. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ƙanwarki, uwar yara, ta koma makarantar da take koyarwa bayan hutun jinya. Kawu an cire masa yanar ido, yanzu yana ganin kowa, kuma tun da ya fara gani bai ga wanda ya yi masa daidai ba: ya ce duk mun tsufa a bayan idonsa ba tare da mun nemi izini ba. 'Yata kuma 'yarki Alƙaliya, wadda ke kika laƙaba mata sunan saboda yanke hukunci a kan kowace rigimar gida, tana nan tana samun sauƙi, har ta fara zagaya tsakar gida tana duba laifin mutane.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a zamanin da ake danna waya a ga fuskar juna. Dalili shi ne, tun da aka yi wa Alƙaliya aikin ƙashin baya, duk lokacin da na kira ki gaisuwa kawai muke yi. Da na ɗauko zancen asibiti sai ki ce kin bar dutsen guga a kan kaya, ko mai ɗinki na tsaye yana jira. Ban ga laifinki ba. Amma takarda tana da haƙuri: in ranki ya ɓaci kina iya danne ta da almakashi ki tafi, ki dawo ki same ta inda kika bar ta. Kuma ba zan yi miki kwana-kwana ba, domin a wurin aikinmu na jarida an koya mana a fara da abin da ya fi nauyi. Yaya, ina jin tsoron ƙashin bayan Auta, 'yar cikinki, ya fara karkacewa kamar yadda na Alƙaliya ya yi, kuma ina so ki kai ta wurin likitan ƙashi tun ba ta gama tsawo ba. Ina da dalili, zan kawo shi a ƙasa. Sai dai na san abin da ya tsaya tsakaninki da ƙofar asibiti, don haka da shi zan fara.

Ana saura kwanaki kaɗan a shiga da Alƙaliya ɗakin tiyata kika kira ni kina kuka. Kin ji daga bakin uwar yara cewa likitoci za su yi mata allurar sitiroid bayan aikin. Kika ce kada in yarda, maganin da ya cinye Inna ke nan. Kika ce da Auta ce, gara ki bar ta yadda Allah ya yi ta, da ki miƙa ta ga masu wannan magani. Ban amsa miki da kyau ba a ranar, domin ni ma abin da ke raina ke nan. Ban manta ba. Ciwon gwiwa ne ya kai Inna wurin mai kemis na bakin layi, ya ƙulle mata 'yan ƙananan ƙwayoyi farare a takarda. A makon farko ta tashi ta yi shara, ta hau matakala, muka yi ta murna. Ta ci gaba da sha shekara da shekaru, ba likita ba awo. Fuskarta ta cika ta yi zagaye, maƙwabta suna yi mata barka da ƙiba. Fatar hannunta ta koma kamar ɓawon albasa, ko riƙe ta aka yi sai wurin ya yi baƙi. Ciwon sukari ya shigo. Ranar da ta sunkuya ɗaukar bokiti ƙashin bayanta ya murƙushe, daga nan ba ta sake miƙewa sosai ba. Ni ina yawon aiki, ke ce kika juya ta a gado, ke kika yi mata wanka. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, balle ke da kika ga saran da idonki.

Da wannan nauyi na je ganin likitoci, ni da uwar yara da ita Alƙaliya. Ɗan ƙaramin ofis ne, fanka na kaɗa takardu, a kan tebur akwai ƙashin baya na roba da aka rataye a ƙarfe. Likitan ƙashin gajeren mutum ne mai manyan hannuwa, tabarau na lilo a ƙirjinsa da zare. Tare da shi akwai likitar sa barci, mace mai magana a hankali kamar tana tsoron tada wani. Tambayata ta farko ita ce ko wannan magani dangin wanda Inna ta sha ne. Na so ya ce a'a. Ya dube ni ya ce ba dangi ba ne, shi ne da kansa, suna ɗaya, dekisametason. Ya ce abin da ya raba su shi ne tsawon lokaci da sa ido: Inna ta sha na shekaru ba mai dubawa, Alƙaliya kuwa allurai kaɗan za a yi mata a yinin farko zuwa na biyu, a tsaya cak. Wallahi, Yaya, da ya yi mini ƙarya ko ya lulluɓe maganar, da na ɗauki 'yata mun fita. Gaskiyar da ya faɗa ita ta zaunar da ni.

Sai likitar sa barci ta faɗi abin da na sani a karatu amma ban taɓa tsayawa na yi tunaninsa ba. Ta ce jikin kowane mutum yana yin irin wannan sinadari da kansa. A saman kowace ƙoda Allah ya ɗora wani ɗan nama da bai kai babban yatsa ba, kullum da asuba yana zubo shi cikin jini gwargwadon buƙata, shi ke taimaka mana mu tashi, shi ke kwantar da kumburi in an ji rauni. Wato abin da muka yi shekaru muna kira dafi, yana cikin jinina da naki tun ranar da aka haife mu, ana auna mana shi da mudun da ba ya kuskure. Na jinjina wannan al'amari. Ta ci gaba da cewa a aikin gyaran baya ana buɗe naman da ke gefen ƙashi tun daga ƙasan wuya har kusa da ƙugu, naman sai ya kumbura, kumburin ya kawo zafi da tashin zuciya. A kashe zafin kuma sai an ba da magunguna masu ƙarfi, irin masu sa maye, su kuma suna kawo barci da amai da ɗaurewar ciki, yaro ya kasa tashi. Alhali tashi da wuri shi ke buɗe huhu ya motsa hanji. Allurar tana rage kumburin ne tun daga tushe, don a rage buƙatar waɗancan.

Na tambaye su abin da ba su sani ba, domin a nan ake gane mai gaskiya. Likitan ƙashi ya ce an daɗe ana ɗari-ɗari da maganin a irin wannan aiki saboda abu uku: kada ya hana rauni haɗewa, kada ya buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, kada kuma ya rage wa ƙashi saurin kamawa. Ya ce an kwatanta yaran da aka yi wa allurar da waɗanda ba a yi wa ba, aka ga na farkon sun sha maganin zafi mai ƙarfi ƙasa da sauran, ba a kuma ga raunukansu sun fi lalacewa ba. Amma ya ƙara da cewa yaran da aka bincika ba su da yawan da zai rufe bakin kowa, kuma akwai likitocin kirki da har yanzu ba sa bayarwa. Na nemi rahotannin na karanta da kaina, na ga bai ƙara gishiri ba, bai kuma rage ba. Ita kuwa Alƙaliya, da ta ga manya sun gama, sai ta gyara zama ta tambaye shi ko zai yi wa 'yarsa. Ya ce shi 'ya'yansa duk maza ne, masu kai kamar tulu. Ta ce wannan ba amsa ba ce, kotu ba ta gamsu ba. Ya yi dariya har tabaransa na rawa, ya ce to, ranki ya daɗe, zai yi wa kowanne daga cikinsu allurar. Sai ta rage murya ta tambaya ko fuskarta za ta koma kamar ta Inna a hoton da ke falo. Ya daina dariya, ya ce a'a, kwana ɗaya ko biyu ba sa yin haka, kuma in ta ƙi allurar ma zai yi mata aikin da zuciya ɗaya.

Suka bar mana zaɓi. Muka yi addu'a, muka yi shawara, muka amince. Ba don na raina maganarki ba ne, Yaya. Muryarki tana kunnena lokacin da na ce to.

Ranar aikin muka zauna a wani dogon baranda, kan kujerun roba da aka haɗe da ƙarfe, muna kallon wata ƙofa mai buɗewa ta rufe da kanta. Kafin a shiga da ita wani ma'aikaci ya zo ya bayyana mana aikinsa. Ya ce zai manna wayoyi sirara a kanta da ƙafafunta, ya zauna gaban na'ura tun farkon aiki har ƙarshe. Ana ɗaura ƙusoshi a ƙashi, ana jan bayan a hankali zuwa ga sanduna biyu na ƙarfe, shi kuma yana aika ɗan saƙo daga kai zuwa ƙafa yana jiran ya iso. In saƙon ya yi rauni ko kaɗan, zai ɗaga murya, likita ya tsaya. Ki duba fa: yarinya tana barci ba ta san duniyar da take ba, amma jijiyar da ke cikin ƙashin bayanta, wadda kaurinta bai wuce ɗan yatsa ba, tana amsa kira, wani bawan Allah yana sauraro. Na yi shekaru ina rubuta labarin abin da mutane suka ɓata. Ranar na zauna ina mamakin abin da Allah ya sanar da ɗan Adam. Da aka fito da ita, fuska a kumbure don ta daɗe kwance rub da ciki, likita ya ce ta motsa yatsun ƙafa. Suka motsa, duka goma. Uwar yara ta shiga hamdala.

A gabana nas ta zo da allurar. Ruwa ne garau, kaɗan, ko cokalin shayi bai cika ba. Ta zuba ta cikin robar ƙarin ruwa, ina tsaye ina bin ta da ido har ta shige hannun 'yata. Inna ce kawai a raina. Na ce a zuci, wannan shi ne abin da ya tanƙwara uwata, ga shi yau an kawo shi ya taimaka a miƙe jikarta. Wuta ce, Yaya: ita ke dafa abinci, ita ke cin gida, ya danganta da wanda ke tsaye a kanta.

Washegari da hantsi malamar motsa jiki ta shigo, doguwar mace mai takalmin roba da ba ya ƙara. Ta ce yau za a tashi. Na ɗauka wasa take yi. Mutumin da aka tsaga bayansa jiya? Ta koya wa Alƙaliya ta juyo gaba ɗaya kamar gungume, kafaɗa da ƙugu tare, ta sauko da ƙafafu, ta zauna a bakin gado. Yarinya ta yi fari fat, ta ce ɗakin na juyawa, a kama shi. Aka jira ɗakin ya tsaya. Sannan ta dafa hannun malamar ta miƙe. Yaya, ban san yadda zan kwatanta miki ba. Na saba ganinta kafaɗar dama a sama, ƙugu a ture gefe, kamar mai ɗauke da jakar da ba a gani. Sai ga ta tsaye sak, wuya a tsakiyar kafaɗu. Uwarta ta matso ta riƙe ta, sai muka ga uwar ce ke ɗaga kai. A yini ɗaya ta wuce ta a tsawo, domin tsawon yana nan tun da, lanƙwasa ce ta ɓoye shi. Ita ma ta lura. Cikin wannan azaba ta dubi tsakiyar kan uwarta ta ce ashe akwai furfura a nan ba a taɓa kawo wa kotu rahoto ba. Muka yi dariya muna share hawaye, ta taka har bakin ƙofa ta dawo.

Ba zan ɓoye miki ɗaya gefen ba. Sukarin jininta ya ɗan hau, aka riƙa huda mata yatsa ana aunawa har ya sauka da kansa bayan an daina allurar. Kumatunta suka yi ja, bakinta ya ƙi rufuwa, ta yi wa nas-nas shari'a ɗaya bayan ɗaya, ta cinye abincinta ta hari na uwarta. Da ƙarfin maganin ya janye kuma, wani yammaci zafi ya taso mata sosai, ta yi kuka ta ce mun yaudare ta, a cire mata ƙarafan a mayar mata da bayanta na da. Sai da aka ba ta mai ƙarfin nan kafin ta samu kanta. A gadon da ke kusa da namu akwai wata yarinya mai ciwon sukari da ba a yi wa allurar ba saboda ciwon nata. Ta fi shan wahalar amai, ta kuma riga mu shiga ta bi mu fita, amma ita ma da ƙafarta ta tafi gida. Yara biyu ba hujja ba ne, don haka ba zan ce miki allurar ce ta yi komai ba. Abin da zan iya shaida shi ne raunin ya bushe tsaf, ba ruwa ba wari, fuskarta kuma tata ce. Ko ƙashin ya kama yadda ake so, wannan sai nan da watanni hoto zai nuna. Muna jira, muna addu'a.

Yanzu ga dalilin da na yi miki alkawari. Makon jiya saƙonki ya iso ta hannun wani direba abokin aikin maigidanki, da shuɗiyar rigar da kika ɗinka wa Alƙaliya ta murnar tashi. Ko da ba kya son zancen, hannunki ya yi mana barka, mun kuma gode. Ta saka ta da ɗoki ta tsaya gaban madubi. Sai rigar ta ƙi zama. Kafaɗar dama ta yi tudu babu komai a ciki, wuyan ya zame gefe, gindin rigar ya sauka a ɓangare guda. Alƙaliya ta ce shi ke nan, likita ya wuce gona da iri, ya lanƙwasa ta ta ɗaya gefen, a kira shi ya zo ya kare kansa. Uwar yara ba ta yi dariya ba. Ta buɗe akwati ta fito da rigunan da kika aiko a 'yan shekarun nan, aka gwada su ɗaya bayan ɗaya. Duk haka suke. Alhali kafin aikin babu ɗinkin da ke zama a jikinta kamar naki. Teloli nawa muka canza a nan, kullum sai an mayar da kaya gyara, har uwar yara tana cewa Yaya ce kaɗai ta san jikin yarinyar nan.

Amma ta yaya kika san shi? Rabon da ki ɗora tef a jikin Alƙaliya tun tana ƙarama. Ke da bakinki kin sha gaya mana cewa a jikin Auta kike gwadawa, domin ko da Alƙaliya ta girme ta, Auta ta biyo tsawon babanta, jikinsu ya zo ɗaya. Kuma na san yadda kike aiki, na zauna a shagonki na gani. Ba kya yarda da lamba kawai. Sai kin saka wa mutum rigar, allurai a bakinki, ki ɗaga nan ki sauke can, ki ja baya ki karkata kai, har sai ta faɗi yadda kike so. Shekarun nan kina gyara riga a jikin Auta har ta zauna daidai, ki aiko, ta zo ta zauna daidai a bayan da likitoci suka ce ya karkace. Uwar yara ta shimfiɗa ta bara da ta bana a kan gado, ta ninka kowacce biyu, kafaɗa kan kafaɗa. A ta bara bambancin kafaɗun faɗin yatsa ɗaya ne. A ta bana ya kusa biyu. Muka tsaya muna kallon rigunan nan.

Kada ki ji kamar ina ɗora miki laifi. Mu da muke kwana mu tashi da Alƙaliya ba mu gani ba, sai da nas ɗin makarantarsu ta sa ta sunkuya. Abin yana shigowa ne a hankali, ba zafi ba ƙara, ido kuma yana sabawa da wanda yake so. Ke ma gwanintarki ce ta rufe miki: duk telan da bai kai ki ba, da rigar ta fallasa abin tuntuni. Kuma mai yiwuwa na yi kuskure, Allah ya sa haka ne. Da muka koma asibiti a duba raunin na tafi da rigar na nuna wa likitan ƙashi. Ya juya ta a manyan hannuwan nan nasa, ya yaba ɗinkin, ya ce shi dai bai taɓa duba mara lafiya ta hanyar rigarta ba, kuma ba zai fara yau ba. Amma ya ce ciwon yana bin dangi, ya fi tsananta ga 'ya'ya mata, kuma lokacin da yarinya ke harbawa da tsawo shi ne lokacin da lanƙwasar ke gudu. Ya ce in an gano da wuri, da yawa sa ido kawai ake yi ana ɗaukar hoto lokaci-lokaci. Wasu a yi musu wata rigar roba mai tauri da ake sawa a ciki, ta riƙe bayan har girma ya tsaya. Ba wuƙa, ba ƙusa, ba allurar da kike tsoro. Wannan ƙofar kuwa ba ta daɗewa a buɗe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu namu ya riga ya bushe kafin mu farga, shi ya sa sai da ƙarfe.

Don haka ga roƙona. Na mayar miki da shuɗiyar rigar tare da wannan takarda, ban bari allura ta taɓa ta ba. Ki shimfiɗa ta a teburin yankanki ki ninka ta biyu, ke kin fi mu sanin abin da za ki gani. Sannan ki kira Auta ɗaki, ku biyu kawai, da rana inda haske yake. Ta buɗe bayanta, ta haɗa ƙafafu, ta sunkuya ta saki hannuwa kamar za ta taɓa yatsun ƙafa. Ki tsaya a bayanta ki rage tsawo, ki bi doron da ido yadda kike bin bakin yadi in kina so ki san ko an yanka shi daidai. In gefe ɗaya na haƙarƙari ya fi ɗaya tudu, kada ki tsorata ta, kada kuma ki jira. Ko ba ki ga komai ba ma, ki kai ta a duba, hankalinmu ya kwanta. In kin je, ki gaya wa likita labarin Inna duka, ki yi masa tambaya har sai kin gamsu, ki ƙi abin da ba ki yarda da shi ba, haƙƙinki ne. Abin da ya cuci Inna shi ne babu wanda ya duba ta. Kada tsoron abin da ya same ta ya sa jikarta ma ta rasa mai dubawa.

Ki gaida maigidanki da kyau, ki ce ina yi masa fatan sauka lafiya a duk hanyar da ya ɗauka. Ki gaida Babban Yaya da iyalinsa, da Gwaggo, Allah ya ƙara mata lafiyar ƙafa, da yaran shagonki. Kawu yana gaishe ki, ya ce ki aiko hoto ya ga ko ke ma kin tsufa ba izini. Uwar yara tana gaishe ki gaisuwa ta musamman, ita ce ta ce in rubuta kada in kira. Alƙaliya ta ce a gaishe ki, ke gwaggonta, a kuma gaya wa Auta cewa in za a je wurin likita ta fara kiranta a waya, za ta koya mata tambayoyin da ake tsare su da su.

Ina sauraron wayarki, Yaya. In kin kira, ba sai kin yi dogon bayani ba. Ki ce mini kawai kin duba.

Allah ya bar zumunci, ya tsare mana zuriya.

Naki har kullum,
Ƙanenki, baban Alƙaliya